"Allah mai kishi ne": me zan gaya wa yaran Makarantar Lahadi?

Maman Tagwaye: Salama gare ku iyayena da 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo. Jiya a Makarantar Lahadi muna kan Dokoki Goma, muka zo Fitowa 20:5, inda Ubangiji ya hana sujada ga gumaka, ya ce shi Allah mai kishi ne. Wata yarinya 'yar shekara 9 ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ba ke kika ce mana kishi zunubi ne ba?" Da gaskiyarta, don ni na faɗa musu haka watan jiya da muka karanta ayyukan jiki a Galatiyawa 5. Na ce ta bari sai Lahadi mai zuwa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, ni kaina wannan aya ta daɗe tana tsaya mini a wuya. A gidan mata biyu na tashi. Bishara ta sami babanmu da matansa biyu, mahaifiyata ce amarya. Ba labarin kishi aka ba ni ba, a cikinsa na girma. Na ga an antaya gishiri a tukunyar miyar mahaifiyata ranar girkinta. Na ga an hana 'yan ubana cin tuwo a kwano ɗaya da mu. Duk lokacin da na ji an ce Allah mai kishi ne, tsakar gidan nan nake gani. Ku taimake ni, me zan gaya wa yaran nan, ni kuma me zan gaya wa zuciyata?

Ɗan Sabon Rai: Mama, ai abin ba wuya. Allah Allah ne, yana yin abin da ya ga dama. Abin da yake zunubi gare mu ba zunubi ba ne gare shi. Ki gaya mata haka kawai.

Malamin Firamare: Ƙanena, kada ta gaya mata haka. Na shekara 22 ina koyar da yara, na san abin da za ta tafi da shi gida. Za ta gane cewa Allah kamar manyan ƙasar nan yake, doka ta talaka ce, ba ta hawa kan babba. Alhali shi ne ya ce mu zama da tsarki domin shi mai tsarki ne. In halin ba shi da kyau a wurinmu, dole a nuna mana ta ina nasa ya bambanta.

Uwar Zumunta: Ɗiyata, sannu. Fara da Hausar da muke yi kullum. Muna da kishi, muna da hassada, kuma ba abu ɗaya ba ne. Mai hassada yana jin zafin abin da ke hannun wani, ko ba zai samu ba dai ɗayan ya rasa. Ba ki taɓa jin an yabi mutum da hassada ba. Amma kishi fa? Ana cewa kishin ƙasa, kishin kai, kishin zuci. In aka ce wa namiji "ba ka da kishi", ai zagi ne. Yaron da ya ga ana wulaƙanta uwarsa a kasuwa ya wuce abinsa, me za mu ce da shi? Mu mata ne aka liƙa mana kalmar, har ana cewa kishi kumallon mata, shi ya sa in mun ji ta sai kishiya ta faɗo mana a rai. Amma kalmar ta fi ɗakin kishiya faɗi.

Ɗalibin Tauhidi: Mama Uwar Zumunta ta buɗe hanya, bari in ɗora kaɗan daga abin da aka koya mana. Da Ibrananci kalmar da ke Fitowa 20:5 ita ce "ƙanna". A wannan siga sau 6 ta fito: Fitowa 20:5, sau biyu a Fitowa 34:14, sai Maimaitawar Shari'a 4:24, 5:9 da 6:15 (masu tsohon juyi na 1932 za su ga Kubawar Shari'a). Duka shidan Allah ake nufi, kuma duka a kan maganar bin waɗansu alloli ne. Ba inda aka ce Allah yana kishin dukiyar wani ko cigaban wani.

Amma kada in ɓoye ɗaya gefen. Daga tushen kalmar nan aka ce Rahila ta yi kishin Lai'atu a Farawa 30:1, da shi kuma aka ce 'yan'uwan Yusufu sun yi kishinsa. Haka Helenanci, kalmar "zelos" ita ce a jerin ayyukan jiki na Galatiyawa 5:20, ita ce kuma Bulus ya yi amfani da ita a 2 Korintiyawa 11:2 da ya ce yana kishinsu da kishi irin na Allah. Wato kamar Hausa, kalma ɗaya ce mai fuska biyu. Abin da ake koya mana a taƙaice: hassada son abin da ba naka ba ne, kishi mai kyau kuwa tsare abin da yake naka ne bisa alkawari.

Maman Tagwaye: Na gode ɗana, na gode Mama. Amma ku yi haƙuri, wannan bai kwance mini ƙullin ba. Uwargidan mahaifiyata ai abin da yake nata take tsarewa. Ita aka fara aura. Shekara 11 tana tare da babanmu, tare suka gina ɗakunan, tare suka yi noman da aka sayar aka biya sadakin mahaifiyata. In dai tsare naka shi ne kishi mai kyau, to nata ma mai kyau ne kenan? Ga shi kuwa shi ya raba mu da 'yan ubanmu har yau.

Malamin Firamare: Wannan tambayar ita ce muhawarar. Ina jira in ji.

Baba Fasto: 'Yata, tun safe nake karanta ku, jikata ke taya ni rubutu don idanun sun yi rauni. Zan faɗi abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Zafin da uwargidan nan ta ji ba shi ne zunubinta ba. Zafin gaskiya ya faɗa. An raba abin da ba a halicce shi don rabawa ba, kuma zuciyarta ta sani. Littafi bai taɓa ɓoye wannan ba. Dubi gidan Elkana a 1 Sama'ila 1, yadda Feninna take tsokanar Hannatu shekara bayan shekara har ta kasa cin abinci. Dubi gidan Yakubu. Ko'ina aka shigo da ta biyu, hawaye ya biyo baya.

Zunubin yana inda zafin ya nufa, da kuma abin da ya haɗu da shi. Ba ta iya fuskantar maigida ba, don ba ta da iko a kansa, sai ta juya kan wadda ta fi ta rauni, da yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kuma a ƙarƙashin kishinta akwai tsoro. Wa zai ci gadon gonar? In na tsufa wa zai dube ni? Hatsin rumbu zai kai mu damina? Kishin ɗan Adam kusan kullum da tsoron rashi yake tafiya.

To Allah me zai rasa? A Zabura 50:12 ya ce ko da yana jin yunwa ba zai gaya mana ba, gama duniya da abin da ke cikinta nasa ne. Bulus ya gaya wa mutanen Atina a Ayyukan Manzanni 17:25 cewa ba a yi masa hidima da hannu kamar yana bukatar wani abu. Abokin takarar tasa kuma wane ne? Karanta Ishaya 44. Mutum ya sare itace, rabi ya hura wuta ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar ya sassaƙa ya durƙusa yana cewa ka cece ni. Allah ba ya tsoron guntun icce. Wanda zai yi asara shi ne mai durƙuson. Irmiya 2:13 ya ce mutanena sun bar maɓuɓɓugar ruwan rai, sun haƙa wa kansu tafkunan da suka tsattsage, waɗanda ba sa riƙe ruwa. Uba ne yake kallon ɗansa ya bar rijiya mai ruwa yana tonon busasshen rami da rani. In bai ji zafi ba, ba uba ba ne.

Baba Fasto: Abu ɗaya kuma, 'yata. Kin ce in kin ji ayar sai ki ga tsakar gidanku. To ki sake duba tsakar gidan, amma ki lura da inda kowa ya tsaya. Isra'ilawa ba su cika cewa sun rabu da Ubangiji ba. Ƙari suke yi. Ubangiji ya fito da mu daga Masar, mun gode, amma ruwan sama da amfanin gona a wurin Ba'al ake nema. Shi ya sa Iliya a Dutsen Karmel ya tambaye su har yaushe za su yi ta raba ƙafa, 1 Sarakuna 18:21. Ba korar uwargida suka yi ba, amarya suka kawo mata, suna so a raba kwana. Mu ne muke yi wa Allah kishiya. Shi kuwa ya ce ba ya rabon kwana.

Ɗalibin Tauhidi: Ranka ya daɗe Baba, ina neman izini. A annabawa ai Allah ne mijin, Isra'ila ce matar da ta ci amana. Misalin Baba ya juya hoton.

Baba Fasto: Haka ne ɗana, ka yi daidai, kuma ba zan hau mumbari in ce Littafi ya kira Allah uwargida ba. Amma wadda ta tambaya ta san ciwon rabon kwana fiye da ni da kai. Ta ƙofar da ta sani na bi da ita.

Maman Tagwaye: Baba, na ajiye wayar na yi kuka. Tun ina yarinya nake ganin matar nan a matsayin muguwa. Ban taɓa tsayawa na tambayi abin da aka yi mata ba.

Baba Dattijo: Maganar raba ƙafa ta taɓa ni. Mahaifina yana da tukunyar tsafi a bayan rumbu, ana yanka mata baƙar kaza kafin shuka. Ranar da zai yi baftisma shi da hannunsa ya fasa ta, ya tsinke layun da ke damtsensa aka ƙone a gaban jama'a. Mutanen wancan lokaci ba su yi makaranta ba, amma sun gane taura biyu ba ta taunuwa. Yanzu fa? Mutum yana cin Jibin Ubangiji ran Lahadi, ran Talata yana layi a wurin boka saboda ƙarin girma a wurin aiki. Ana ɗaura wa jariri laya a ƙarƙashin riga a kawo shi a sa masa albarka. Ni dattijo ne, na sha ganin wannan da idona. Wasu kuma sun bar boka sun koma sayen ruwa da mai a kwalba a wurin masu kiran kansu annabawa, suna dogara da kwalbar kamar yadda babana ya dogara da tukunya.

Uwar Zumunta: Baba, ba ina kare su ba, amma a tuna yawancin matan da ke ɗaura layar nan sun binne ɗa ɗaya ko biyu. Tsoro ne. Wa'azin tsawa kaɗai ba ya cire laya, sai an zauna da mace an ji abin da take tsoro, an raka ta asibiti.

Baba Dattijo: Na karɓa, Mama.

Ɗan Kasuwar Hatsi: Ni boka bai dame ni ba, amma in faɗi gaskiya, abin da nake fara dubawa da asuba farashin masara ne, ba Littafi ba. Yesu ya ce ba mai iya bauta wa iyayengiji biyu, ya kuma ambaci dukiya da sunanta, Matiyu 6:24. Kolosiyawa 3:5 ta kira kwaɗayi bautar gumaka. Wannan ayar ta Fitowa ta same ni a shago. Af, na taɓa yin hirar nan da maƙwabcina a kasuwa, malami ne, ya ce su ma suna da hadisi cewa Allah yana kishi, kuma kishinsa shi ne mumini ya aikata abin da ya haramta. Mun daɗe muna tattaunawa ran nan cikin mutunci.

'Yar Mawaƙa: Iyayena ku gafarce ni, zan kawo abin da ke ci mini rai. Ina da ƙawa, ba zan faɗi inda take ba. Mijinta yana bincikar wayarta kullum, ya hana ta zuwa koyon waƙa don akwai maza, ya hana ta gaisawa da ɗan'uwan babanta. Ya mare ta ba sau ɗaya ba. In ta yi magana sai ya ce ko Allah ma mai kishi ne. Kuma yana karanta Littafi, ya san Yusha'u 2 inda aka ce za a tuɓe matar a tone asirinta. Ni duk bayanin nan mai daɗi da kuke yi, ina tsoron irin waɗannan maza su ɗauke shi su mai da shi bulala.

Uwar Zumunta: Ɗiyata, wannan ba kishin Allah ba ne, zalunci ne, kuma ya ɗauki sunan Ubangiji a banza, doka ta uku kenan ya taka. Ki same ni ta waya yau ɗin nan, kada ki bari sai gobe. Mace da ake duka ba a ce mata ta ƙara haƙuri a juya baya. Dole iyayenta su sani, dattawan ikilisiyarsu su sani, in abin ya kai ga rauni a je asibiti a kuma kai ƙara. Na binne wata 'yar zumunta da aka yi ta ce wa yi haƙuri. Ba zan sake yin shiru ba.

Baba Fasto: Na goyi bayan Uwar Zumunta ɗari bisa ɗari. Kuma ba zan ce Yusha'u 2 da Ezekiyel 16 suna da sauƙin karantawa ba. Maganganu ne masu nauyi, annabi yana kwatanta yaƙi da bauta da za su auko wa ƙasa, yana magana da sarakuna da firistoci, maza masu iko, yana ce musu ku ne matar da ta ci amana. Ba darasin zaman aure yake bayarwa ba. Mijin nan ya tsaya a tsakiyar Yusha'u 2. Ya ci gaba zuwa aya 14 mana, inda Allah ya ce zai rarrashe ta, ya yi mata magana mai taushi. Ya shiga sura 3, inda aka aiki Yusha'u ya je ya fanso matar da azurfa 15 da sha'ir, ya biya kuɗi a kan wadda tasa ce tun farko. Ya kai sura 11 inda Allah yake cewa yaya zan iya rabuwa da kai, ya Ifraimu. Sa'an nan Isra'ila ta yi laifin da gaske, mijin nan kuwa zato kawai yake yi. Umarnin da aka ba miji a fili yake, Afisawa 5:25, ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya ya ba da kansa dominta. Jinin wa aka zubar a Kalfari, na ango ko na amarya? Ku tambaye shi wannan.

'Yar Mawaƙa: Na gode Baba. Mama, zan kira ki bayan la'asar.

Malamin Firamare: Ni ban gama ba. Kowa ya tsaya a rabin Fitowa 20:5. Ragowar ta ce yana hukunta 'ya'ya saboda laifin iyaye har tsara ta uku da ta huɗu. Yarinyar nan mai kaifin kai za ta karanta wannan ma. Uwargida ta huce a kan yaran amarya mun ce ba daidai ba. To wannan fa?

Ɗan Sabon Rai: Malam, ai wannan Tsohon Alkawari ne. Mu muna ƙarƙashin alheri. Allahn Sabon Alkawari ƙauna ne.

Ɗalibin Tauhidi: Yayana, yi hankali da wannan hanya, an taɓa bin ta. Wani mutum mai suna Markiyon, ɗan garin Sinob a bakin Baƙin Teku, ƙasar Turkiyya ta yau, ya je Roma yana koyar da cewa Allahn Tsohon Alkawari mai kishi da fushi daban yake da Uban Yesu. Ya yar da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, ya riƙe Luka da ya yanke wa wasu sassa da wasiƙun Bulus 10. Ikilisiyar Roma ta fitar da shi a shekara ta 144. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya rubuta littattafai 5 yana mai da masa martani. Kuma Sabon Alkawari da kansa bai bar maganar ba. Bulus ya ce wa Korintiyawa ba za su sha ƙoƙon Ubangiji da ƙoƙon aljanu ba, ya tambaye su ko so suke su tsokani Ubangiji ya yi kishi, 1 Korintiyawa 10:21-22. Ibraniyawa 12:29 da ta ce Allahnmu wuta ne mai cinyewa, daga Maimaitawar Shari'a 4:24 ta ɗauko, ayar da ta ce shi mai kishi ne. A ɗaya gefen kuma, Fitowa 34 da ta ce sunansa Mai Kishi, a aya 6 ta ce shi mai jinƙai ne, mai alheri, mai jinkirin fushi. Kuma wannan bayan ɗan maraƙin zinariya ne, lokacin da yake sabunta alkawarin da suka karya.

Ga tambayar Malam kuwa, abin da na iya fahimta: Fitowa 20:5 ta ce tsara ta uku da ta huɗu na waɗanda suke ƙina, aya 6 kuma ta ce yana nuna ƙauna ga dubbai na masu ƙaunarsa. Uku da huɗu a gefe ɗaya, dubbai a ɗaya gefen. Sa'an nan tsara uku zuwa huɗu su ne mutanen da ke zaune a gida ɗaya, kamar gandu a wurinmu: kaka, uba, ɗa, jika. Abin da maigida ya durƙusa wa, gidan duka ke durƙusa wa. Maimaitawar Shari'a 24:16 ta hana kashe ɗa saboda laifin uba. Ezekiyel 18:20 ta ce ɗa ba zai ɗauki laifin ubansa ba. Da almajirai suka tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, ko zunubin iyayensa ne, ya ce a'a.

Malamin Firamare: Na ji, kuma maganar gandu ta shige ni, don na ga yadda shan giyar kakana ya bi gidanmu har kan 'ya'yan yayana. Amma ayar ba ta ce abin yana bin gida da kansa ba, ta ce shi ne yake hukuntawa. Ban gamsu duka ba. Ina gaskata shi, ina kuma riƙe da tambayata.

Baba Fasto: Riƙe ta, Malam. Habakuk ma da tambaya ya fara littafinsa. Roƙona ɗaya, kada kowa ya ɗauki ayar nan ya je ya gaya wa marar lafiya ko wadda ba ta haihu ba cewa la'anar kakanni ce ke binta, ta kawo kuɗi a karya. Ana yin wannan da yawa yanzu, yana kuma ƙona mini rai.

Ɗan Sabon Rai: Na karɓi gyara a kan Tsohon Alkawari. To in Allah mai kishi ne, mu ma ai sai mu yi kishi dominsa. Finehas ya ɗauki mashi a Littafin Ƙidaya 25 aka yaba masa. Iliya ya ce ya yi kishi ƙwarai domin Ubangiji. Yesu ya kifar da teburan 'yan canji a Haikali, almajirai suka tuna an rubuta kishin gidanka zai cinye ni. Mu Kiristocin yanzu mun yi sanyi da yawa, ana taka mu muna shiru.

Baba Dattijo: Ɗana, saurare ni da kyau. Ina Kaduna a watan Fabrairu na 2000. Na ga abin da samari suka yi da sunan kishin addini, ta kowane ɓangare, har da yaran da ni na koya musu Littafi. Wanda ya ɓoye iyalina kwana biyu a ɗakinsa ba Kirista ba ne. Ba na son in ƙara faɗin abin da na gani. Kafin ka kama Finehas, ka tuna Shawulu na Tarsus, wato Bulus. Shi da bakinsa ya ce kishi ne ya sa ya tsananta wa ikilisiya, Filibiyawa 3:6, yana ganin aikin Allah yake yi. Ka tuna Yakubu da Yahaya da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, suka ce a bar su su kira wuta daga sama, ya juya ya tsawata musu, Luka 9. Ka tuna Bitrus da aka ce ya mai da takobinsa kube. Haikalin da Yesu ya tsabtace kuma gidan addininsa ne, ba gidan maƙwabci ba. Ayar ta ce kishin zai cinye ni. Yesu kansa kishin ya cinye, har gicciye. In kana da kishin Allah, fara da layar da ke cikin gidanmu da ƙaryar da ke kan mumbarinmu.

Ɗan Sabon Rai: Baba, ban yi nufin a taɓa kowa ba. Amma na ji. Ka yafe mini in na tayar maka da tsohon ciwo.

Baba Dattijo: Ba komai ɗana. Zafin zuciyarka abu ne mai kyau, shi ya sa na tsaya a kanka.

Uwar Zumunta: Tunda an zo nan, har a cikin ikilisiya muna rikita namu da na Allah. Wata ƙungiya ta fi tamu cika, wani fasto ya fi namu jama'a, sai mu ce muna kishin aikin Ubangiji. Joshuwa ya ce wa Musa ya hana Eldad da Medad yin annabci a zango, Musa ya ce kishi kake yi domina? Da ma dukan jama'ar Ubangiji annabawa ne. Littafin Ƙidaya 11. Yahaya Maibaftisma kuma da aka ce masa kowa na tafiya wurin Yesu, cewa ya yi shi abokin ango ne. Duk mun san aikin abokin ango a biki: ya yi ta zirga-zirga, ya raka, ya sayi baki, amarya ta shiga ɗaki shi ya kama hanyar gida yana murna.

Mai Kula da Zaure: Iyaye da 'yan'uwa, mun gode. Maganar ƙawar 'Yar Mawaƙa ta koma hannun Uwar Zumunta, kada a ƙara tattauna ta a nan don kare sirrinta. Maman Tagwaye, muna jiran labarin Lahadi.

Maman Tagwaye: Salama. Na dawo da labari kamar yadda aka ce. Ban kai musu Ibrananci ba. Na tambaye su, in ƙawarki ta sami sabon takalmi kika ji haushi, mene ne sunansa? Suka ce hassada. Na ce in kuma mamarki ta ga wani baƙo yana ba ki alewa yana jan hannunki zuwa mota, ta yi kururuwa ta fizge ki, ta yi zunubi? Suka ce a'a. Na ce don me ta fizge ki? Yarinyar nan ta ce, "Don ni tata ce." Na ce to haka Ubangiji ya ce wa Isra'ila. Sai wani yaro a baya ya ce, "Malama, to tsara ta uku da ta huɗu fa?" Malam, ka ga ba kai kaɗai ba ne. Na karanta musu Fitowa 20:6 da Ezekiyel 18:20, na ce sauran za mu tambayi Fasto tare.

Sai abu na biyu. Uwargidan mahaifiyata tana da rai, ta tsufa ƙwarai, tana ƙauye wurin babban ɗanta. Rabona da ita tun jana'izar babanmu, shekara 14 kenan. Na nemi lambar yayan nawa na kira shi daren Juma'a. Ya yi shiru da ya ji muryata, sa'an nan ya ce Inna tana yawan tambayar ina tagwaye. Ran Asabar zan tafi da su, na sayi atamfa da sabulu. Mahaifiyata ban gaya mata ba tukuna, ban san yadda za ta ɗauka ba. Ku sa mu a addu'a.